Daga buri zuwa manufa: tsayar da abin da za a cimma a wurin aiki, tare da misalai daga jami'a

0. Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe a jami'a ya san irin waɗannan mutane biyu: ɗalibin da ya gama darussan master da maki masu kyau amma ya shekara uku bai ajiye kundinsa ba, da malamin da aka ɗauka aiki a muƙamin assistant, ya yi shekara goma yana koyarwa safe da marece, bai taɓa tura takardunsa neman ƙarin girma ba. Su duka biyu ba ragwaye ba ne, kuma idan aka tambaye su za su faɗi abin da suke son zama. Abin da ya ɓace tsakanin so da samu shi ne maganar wannan ƙasida. Za mu fara da tantance kalmomi, sa'an nan mu kawo tarihin ra'ayin tafiyar da aiki ta hanyar manufofi da sakamakon binciken da aka yi a kansa. Daga nan mu duba illolinsa, mu ƙare da yadda za a yi amfani da shi a halin da malami da ɗalibi suke ciki a ƙasarmu.

1. Tantance kalmomi

Faransanci yana bambanta souhait, ambition, objectif da intention. A Hausa ma kalmomin suna nan, sai dai a magana ta yau da kullum mukan haɗa su. Ga yadda za mu yi amfani da su a nan:

a) Fata: abin da mutum ke so ya faru ba tare da ya ɗora wa kansa wani aiki ba. Misali: "Ina fatan a ƙara mana albashi."

b) Buri, wanda a Maraɗi da Tawa aka fi cewa guri: abu mai nisa da mutum ya sa a gaba, wanda ke nuna masa alƙibla amma ba shi da ranar cika. Misali: "Burina in zama farfesa."

c) Manufa: abu ƙayyadadde da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba, a cikin wa'adi sananne. Misali: "Zan tura maƙala guda ga mujalla kafin ƙarshen watan Maris."

d) Niyya: ƙudurin zuci na tashi a yi aikin. Kalmar tana da nauyi na addini a kunnen Bahaushe, don haka ba mu ɗauke ta daidai da manufa ba.

Wannan bambanci yana da amfani a aikace. Mutum na iya rayuwa da buri shekara ashirin ba tare da ya taɓa jin ya kāsa ba, tunda buri ba shi da ranar hisabi. Manufa kuwa ranarta na zuwa, kuma idan ta zo dole a ce e ko a'a.

2. Asalin ra'ayin

A shekarar 1954 Peter Drucker, haifaffen Viyana mazaunin Amurka, ya fitar da littafinsa The Practice of Management. A ciki ya ba da shawarar cewa maimakon shugaba ya riƙa tsayawa kan ma'aikaci yana nuna masa kowane mataki, su biyun su zauna su yarda a kan sakamakon da ake nema, sa'an nan a bar ma'aikacin ya auna kansa da wannan sakamako. Ra'ayin ya shiga Faransa a shekarun 1960, inda Octave Gélinier ya yaɗa shi a 1968 da sunan direction participative par objectifs, yana mai da hankali kan shigar ma'aikaci cikin tsayar da manufar. Ta wannan hanya ce kalmomin suka iso makarantun koyon mulki na ƙasashenmu.

A 1981 George Doran ya rubuta gajeriyar maƙala a mujallar Management Review, wadda daga cikinta aka samo taƙaitaccen sunan nan SMART da ake yawan ji a tarurrukan horaswa. Sharuɗɗa biyar ya kawo: manufa ta kasance takamaimai, mai aunuwa, an san wanda aka ɗora wa, mai yiwuwa da kayan aikin da ke akwai, kuma mai wa'adi. Abin lura shi ne Doran bai kafa wannan jeri a kan wani gwaji ba. Shawara ce ta mai aiki ga masu aiki. Hujjar kimiyya daga wani wuri ta fito.

3. Abin da gwaje-gwaje suka nuna

3.1. Manufa takamaimai mai wuya

Masanin halayyar ɗan Adam Edwin Locke ya buga maƙala a 1968 inda ya nuna abu biyu. Na farko, mutumin da aka ba manufa takamaimai yakan fi wanda aka ce wa "yi iyakar ƙoƙarinka" aiki. Na biyu, muddin mutum ya karɓi manufar kuma yana da iyawa, mai wuya ta fi mai sauƙi fitar da aiki. Shi da Gary Latham sun tattara sakamakon ɗaruruwan gwaje-gwaje a littafinsu na 1990, A Theory of Goal Setting and Task Performance.

Misalin da ya fi shahara shi ne wanda Latham da Baldes suka bayar a 1975, a kan direbobin manyan motocin ɗaukar gumakan itace a Amurka. Direbobin suna loda wa motocinsu kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin da doka ta yarda, duk da an sha ce musu su yi iyakar ƙoƙarinsu. Sai aka tsayar musu da adadi: kashi 94 cikin 100. Ba a yi musu alkawalin kuɗi ba, kuma an tabbatar musu ba za a hukunta wanda bai kai ba. Cikin ƴan watanni lodin ya hau zuwa wajen kashi 90, ya kuma tsaya a nan. Wasu direbobin har gyare-gyare suka yi wa motocinsu don su iya ƙiyasta nauyin kaya tun a daji.

Masu binciken sun bayyana hanyoyi huɗu da manufa ke aiki ta kansu: tana karkata hankali zuwa ga abin da ya dace, tana ƙara himma, tana tsawaita juriya, tana kuma tilasta wa mutum neman dabara. "Iyakar ƙoƙari" ba ya yin ko ɗaya daga ciki, domin duk abin da mutum ya yi zai iya kiransa iyakar ƙoƙarinsa.

3.2. Sharuɗɗan da ke tare da wannan sakamako

Sakamakon da ke sama ba ya tabbata sai da sharuɗɗa. Dole mutum ya yarda da manufar a ransa. Dole ya riƙa samun labarin inda ya kai; direbobin da muka ambata suna ganin nauyin lodinsu a ma'auni kowace tafiya. Dole kuma ya kasance yana da ilimi da kayan aikin da ake bukata.

Sharaɗi na ƙarshe ya fi shafar ɗalibai. A 1989 Ruth Kanfer da Phillip Ackerman sun gwada sabbin sojojin sama na Amurka da wani aikin kwaikwayon sarrafa saukar jirage a kwamfuta. Sun ga cewa a farkon koyo, ba mutum adadin da zai cimma yana rage masa ƙwazo, domin hankalinsa yana rabuwa tsakanin koyon aikin da fargabar adadin. Daga irin wannan bincike aka bambanta manufar sakamako da manufar koyo. Ɗalibin da bai taɓa rubuta maƙala ba, idan aka ce masa "maƙala biyu a shekara", zai ruɗe. Abin da ya dace da shi a watannin farko shi ne manufa irin wannan: ya warware maƙaloli biyar na fanninsa, ya fitar da yadda kowace ta gina gabatarwarta da hujjojinta.

3.3. Manufa ta kusa da ta nesa

A 1981 Albert Bandura da Dale Schunk sun yi aiki da yara ƴan firamare masu rauni a lissafin ɗebewa. An ba wani rukuni manufa ta kusa, shafi 6 a kowane zama. An ba wani manufa ta nesa, shafi 42 a ƙarshen zama na bakwai. Jimillar aikin ɗaya ce. Amma rukunin farko ya fi ƙwarewa, ya fi yarda da kansa, ya kuma fi son lissafin daga baya. Tez ɗin digirin dakta na shekara uku manufa ce ta nesa ƙwarai, kuma wanda bai yanka ta gunduwa-gunduwa ba zai iya yin wata shida bai ga alamar ya motsa ba.

3.4. Yaushe, a ina

Peter Gollwitzer, masani Bajamushe, ya ƙara wani mataki. A gwajin da ya buga tare da Veronika Brandstätter a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta rahoto kan yadda suka yi daren Kirsimeti, cikin kwana biyu bayan bikin. An sa rabinsu su faɗi tun da wuri lokaci da wurin da za su zauna su rubuta. Fiye da biyu bisa uku na waɗannan sun yi aikin a kan kari, alhali a ɗaya rabin kimanin ɗaya bisa uku ne kawai suka yi. Darasin shi ne "zan yi rubutu a wannan mako" bai kai "ranar Talata da Alhamis, bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, zan zauna a buro in yi rubutu" ƙarfi ba. A jimla ta biyu an riga an yanke shawara, saura aiwatarwa.

3.5. Kuskuren ƙiyasin lokaci

A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban wata jami'a a Kanada kwana nawa ya rage su gama kundin ƙarshen karatu. Matsakaicin ƙiyasinsu kwana 33,9 ne. Da aka ce su ɗauka komai ya lalace, sai suka ce kwana 48,6. A zahiri kwana 55,5 suka yi, wato ƙarin kashi 64 cikin 100 a kan ƙiyasin farko, kuma sun wuce har ƙiyasinsu na mummunan hali. Dalilin shi ne mutum yakan zana aikin da ke gabansa kamar babu abin da zai gitta, ya manta yadda ayyukansa na baya suka kasance. Maganin da masu binciken irin wannan suke bayarwa shi ne a tambayi tarihi: waɗanda suka yi wannan aiki kafin ni, wata nawa suka yi?

4. Illolin manufa

Abin da ke sa manufa ta yi aiki, wato taƙaita hankali a kan abu guda, shi ne kuma haɗarinta. Tun a 1986 W. Edwards Deming, a littafinsa Out of the Crisis, ya nemi a soke ɗora wa ma'aikata adadi, yana ganin hakan na sa su cika lamba su bar inganci. A 2009 Lisa Ordóñez da wasu masana uku sun tattara misalan wannan ɓarna. Ɗaya daga ciki shi ne na garejin kamfanin Sears a Amurka, inda a farkon shekarun 1990 aka ɗora wa ma'aikata adadin kuɗin da za su shigar, sai aka same su suna yi wa motocin mutane gyaran da ba a bukata. A 2016 aka ci tarar bankin Wells Fargo dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe miliyoyin asusu da sunan mutane ba da saninsu ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. Kimanin ma'aikata 5.300 aka kora a kan wannan.

Jami'a ba ta tsira ba. Inda ƙarin girma ya dogara ga yawan maƙaloli, sai aka samu mujallun intanet masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba, waɗanda ma'aikacin laburare Jeffrey Beall ya fara fallasawa wajen 2010. Malamin da ya tsayar wa kansa "maƙala huɗu a bana" ba tare da ya faɗi a wace irin mujalla ba, ya buɗe wa kansa wannan ƙofa. Haka ma wanda ke tsaga bincike ɗaya gida uku don lissafi ya cika. Saboda haka kowace manufa ta adadi tana bukatar sharaɗin inganci a gefenta, kuma a rubuta su tare.

Illa ta biyu ita ce yawan manufofi. Idan mutum ya jera goma, zai bi masu sauƙin aunawa ya bar masu wuya, kuma sau da yawa masu wuyar su ne masu muhimmanci. Taura biyu ba ta taunuwa. Manufa biyu ko uku a zango sun isa.

5. Amfani da waɗannan darussa a jami'o'inmu

5.1. Matakan da ke gaban malami da ɗalibi

Ta wata fuska malamin jami'a ya fi sauran ma'aikata sa'a, domin matakalarsa a rubuce take. Hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashen OCAM suka yanke shawarar kafawa a taronsu na Yamai a watan Janairu 1968 kuma aka ajiye cibiyarta a Wagadugu, ta tsara hawa daga assistant zuwa maître-assistant, zuwa maître de conférences, zuwa professeur titulaire, ta hanyar kwamitocin da ke duba takardun ƴan takara fanni-fanni. Ɗalibi ma tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta amince da shi a 2007, ya ƙayyade masa shekara uku na licence, biyu na master, uku na doctorat. Ke nan buri da wa'adinsa na nesa sanannu ne. Aikin farko na sabon malami shi ne ya nemi kundin sharuɗɗan fanninsa na shekarar da yake ciki, ya karanta da kansa, ya lissafa abin da yake da shi da abin da ya rage, sa'an nan ya ƙirgo baya daga ranar ajiye takardu. Tunda mujalla na iya ɗaukar watanni da yawa tsakanin karɓar maƙala da bugawa, maƙalar da ake so ta shiga lissafin baɗi aikin bana ce.

5.2. Misali a aikace

Mu ɗauki ɗalibar master da za ta yi kundi kan tatsuniyoyi a ƙauyukan kewayen Mirya. Burinta shi ne ta zama mai bincike. Manufarta ta shekara ita ce ta ajiye kundin. Tana bukatar hira 20, kowace ta awa guda. Idan muka ƙiyasta awa 5 don kwafe kowace awa ta magana a rubuce, aikin awa 100 ne. Idan tana da awa 2 a rana, kwana 5 a mako, kwafewa kawai za ta ci mako 10. Ɗalibai da yawa ba sa sa wannan mataki a jadawalinsu ko kaɗan. Sa'an nan lokacin zuwa ƙauye ba a hannunta yake ba: da damina mutane suna gona kuma wasu hanyoyi ba sa biyuwa, don haka hira sai bayan kaka. Ga watan azumi, ga lokacin jarrabawa da malamin da ke duba ta ba zai samu sukunin karanta babi ba. Idan ta haɗa jimilla, sai ta tuna da binciken 1994 ta ƙara aƙalla rabi a kai. Daga nan ne manufar mako za ta fito: hira biyu a kwafe kafin Juma'a, a nuna wa wani abokin karatu. Nunawar ita ce ma'auninta.

5.3. Abin da ke hannu da abin da ba ya hannu

Za a iya cewa duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ƙasashen da albashi ke zuwa a kan kari kuma shekarar karatu ke ƙarewa ranar da aka faɗa. Wannan suka tana da gaskiya. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 sun ga bashin albashi na watanni da yajin aikin da ya cinye shekarun karatu, sun kuma ga yadda a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, har faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya tsayar da manufar sayen littattafai ko mota daga waje a ƙarshen 1993 ya wayi gari lissafinsa ya rushe ba da laifinsa ba.

Abin da wannan ke koya mana shi ne a ɗora manufa a kan abin da ke hannun mutum. Ranar kare kundi tana hannun hukuma. Ranar miƙa babi na uku tana hannun ɗalibi. Karɓar maƙala tana hannun mujalla. Turawa tana hannun marubuci. Idan aka rufe makaranta, manufar da aka gina kan "a kira ni kariya a watan Yuli" ta mutu, amma wadda aka gina kan "shafi uku a mako" tana nan da ranta. Wasu na ganin tsara gobe ya saɓa wa tawakkali. Malamanmu na addini sun daɗe da amsa wannan da labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure dabbarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

5.4. Manufar aiki da manufar gida

Ma'aikaci a ƙasarmu ba shi kaɗai yake cin albashinsa ba, ba shi kaɗai yake mallakar lokacinsa ba. Akwai iyaye da ƙanne, akwai biki da suna da ta'aziyya, akwai ginin gida da zubin adashi. Tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, ga kuma makarantu masu zaman kansu, malami yana iya samun awoyin koyarwa na ƙari a wurare da dama. Kuɗin yana rufe bukata ta yau, amma lokacin da ya ci daga lokacin bincike aka ɗebe shi, kuma bincike ne ke kai mutum muƙami na gaba. Babu amsa guda da ta dace da kowa. Abin da muke ba da shawara shi ne a rubuta manufofin gida da na aiki a takarda ɗaya, a sa wa kowace awoyinta da kuɗinta, don a ga inda suke karo tun kafin su yi karon. Wanda ya zaɓi ya jinkirta takararsa shekara biyu don ya rufe ɗakin iyalinsa ya yanke shawara, kuma shawararsa abin girmamawa ce. Wanda shekarun suka wuce shi bai lura ba, shi ne ya yi asara. Ga malamai mata, waɗanda hidimar gida ta fi hawa kansu, wannan lissafi ya kamata a yi shi tare da maigida, domin awa biyu na rubutu ba sa samuwa sai wani ya ɗauki abin da aka ajiye.

5.5. Nauyin da ke kan sashe

Drucker da Gélinier duk sun ɗauki manufa a matsayin yarjejeniya tsakanin mutum biyu. Ba daidai ba ne shugaban sashe ya nemi maƙaloli daga ƙaramin malamin da aka jibga wa darussan shekarar farko da ɗaruruwan takardun gyara. Haka kuma malamin da ya nemi babi a ƙarshen wata ya ɗauki alkawalin mayar da shi da gyara a ranar da aka sani. Manufar da ba ta samun amsa takan mutu, kamar yadda muka gani a 3.2.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba sashe shawarwari uku da ba sa bukatar kasafin kuɗi. Na farko, a farkon kowace shekarar karatu kowane malami da kowane ɗalibin master da doctorat ya rubuta manufa biyu ko uku a shafi guda, kowace da wa'adinta da sharaɗin ingancinta, ya tattauna su da wanda ke duba aikinsa. Na biyu, a zauna a ƙarshen kowane zango a duba shafin, a gyara abin da hali ya canza, ba tare da an mai da zaman kotu ba. Na uku, sashe ya fara ajiye lissafin watannin da kowane kundi ya ɗauka daga karɓar jigo zuwa kariya, domin ɗaliban da ke tafe su gina ƙiyasinsu a kan abin da ya faru da na gabansu. Idan aka yi shekara uku ana wannan, za mu samu alƙaluma namu na kanmu da za mu gwada su da sakamakon da aka samo a Amurka, Kanada da Jamus.